Mako guda a gaɓar Bahar Rum: ina za a sauka, ina za a ci?

"Malam, ni ɗan kasuwa ne a Kano. Ina yawan zuwa Turai saboda harkar kaya, amma ban taɓa zuwa don hutu ba. Ina so in ɗauki uwargida mu yi mako guda a bakin tekun Bahar Rum, mu sauka a otal mai kyau, mu ci irin abincin manyan kukun nan da ake ta yabo. Wasu abokaina sun ce in nufi kudancin Faransa, wajen Nice, wasu kuma sun ce Antalya ta Turkiyya ta fi sauƙi, tunda kuɗin ɗaki ya haɗa da ci da sha. Wanne ya fi? Kuma yaya Musulmi zai yi da batun naman alade da giya a irin waɗannan gidajen abinci?"

Alhaji, idan na fahimce ka da kyau, abubuwa uku kake nema a tafiya ɗaya: ɗakin da ke kallon teku, abincin da ya amsa sunansa, da kuma natsuwar cewa abin da aka ajiye a gabanku halal ne. Na daɗe ina shirya wa mutanenmu irin wannan tafiya, kuma abin da aikin ya nuna mini shi ne cewa ɗaki mai kyau da abinci mai kyau ba kasafai suke haɗuwa a gida ɗaya ba, in ban da wasu otal-otal ƙalilan waɗanda kuɗin kwana ɗaya a cikinsu ya isa wani ya yi hutun mako guda. Saboda haka shawarata tun daga farko ita ce ka raba lissafin gida biyu. Otal ka zaɓe shi saboda wurin da yake da kuma barcin da za ku samu, abinci kuwa ka neme shi a cikin gari. Sauran bayanin da zai biyo baya dalilai ne na wannan shawara, da kuma yanayin da zan janye ta.

Asalin girkin, da abin da ya sa kifi ke tsada a bakin teku

Daga Marseille har zuwa Antalya ginshiƙin girkin kusan ɗaya ne: man zaitun, tumatir, albasa, tafarnuwa, yalo, lemon tsami, burodi, ganyaye masu ƙamshi, sai kifi. Yawancin abincin da yau ake jerawa a faranti masu tsada, a da abincin masunta ne da ƙananan manoma waɗanda ba su da halin cin nama kullum. Girki ne da ba ya rufa wa mai dafuwa asiri, domin babu miya mai nauyi ko yaji mai yawa da zai ɓoye aibin kifin da ya kwana biyu. Daɗinsa duka ya rataya ne a kan sabuntar kayan da kuma zuwansu a kan lokacinsu, shi ya sa gidan abincin da ke sayen kayansa kowace safiya a kasuwar unguwa yakan fi kicin ɗin da ke ciyar da mutum dubu daga ɗakin sanyi, ko da na biyun ya fi ado.

Akwai kuma abin da baƙi da yawa ba su sani ba. Bahar Rum teku ne mai ƙarancin kifi idan aka kwatanta shi da Atlantika, saboda ruwansa ba shi da wadatar abincin da ƙananan halittun ruwa ke rayuwa a kai, ga shi kuma an daɗe ana kamun da ya wuce kima. Rahoton Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2023 ya nuna cewa fiye da rabin nau'o'in kifin da aka auna a yankin ana kama su fiye da yadda suke iya hayayyafa. Sakamakon haka, kifi biyun da za ka fi gani a jerin abinci, waɗanda Faransawa ke kira loup da daurade, Turkawa kuma levrek da çipura, yawancinsu na kiwo ne a cikin manyan kejuna, kuma Turkiyya da Girka ne ke kan gaba a wannan kiwo. Kifin kiwo ba abin ƙi ba ne, amma kada a karɓi kuɗin na daji a ba ka shi. A Faransa na dajin ana rubuta masa sauvage, kuma farashinsa yakan ninka.

Me taurarin Michelin ke nufi

Abincin manyan kukun da kake ji ana yabo, mafi yawansa yana da alaƙa da littafin jagora na kamfanin taya na Michelin, wanda aka fara bugawa a 1900 domin direbobin mota su san inda za su ci da inda za su kwana. A 1926 aka fara ba gidajen abinci tauraro, daga baya aka mai da darajar hawa uku. Tauraron na abin da ke cikin faranti ne, ba na kujeru ko kallon teku ba, kuma bai da alaƙa da taurarin otal, waɗanda ke auna abubuwa irin su girman ɗaki da hidimar da ake bayarwa. Otal mai tauraro 5 yana iya ciyar da kai abinci na yau da kullum, ƙaramin gidan abinci mai tebur goma kuma ya riƙe tauraro biyu.

Kudancin Faransa na cikin wuraren da irin waɗannan gidaje suka fi taruwa. A Menton, dab da iyakar Italiya, akwai gidan abinci na Mirazur na kuku Mauro Colagreco, ɗan asalin Ajantina, wanda ya samu tauraro na uku a 2019, kuma a shekarar aka sa shi na ɗaya a jerin gidajen abinci 50 mafi kyau a duniya. A Monako akwai Le Louis XV na Alain Ducasse a cikin Hôtel de Paris, wanda ya samu taurari uku a 1990. A Marseille akwai Le Petit Nice na Gérald Passedat, mai taurari uku tun 2008, wanda kusan duk girkinsa na kifi ne, kuma shi kansa ƙaramin otal ne a kan duwatsun bakin teku. A irin waɗannan gidaje ba ka zaɓar abinci ɗaya ka ƙoshi. Ana kawo muku ƙananan faranti ne ɗaya bayan ɗaya, takwas ko fiye, kowanne loma biyu ko uku, a zauna wajen awa uku, kuma kuɗin mutum ɗaya yakan haura yuro 300. Ana kama tebur tun da makonni, wani lokaci watanni, kuma sukan riƙe lambar katin banki, su cire kuɗi idan ba a zo ba.

Ra'ayina shi ne sau ɗaya ya isa a cikin mako, kuma da rana, domin yawancin gidaje masu tauraro suna da tsarin abincin rana mai rahusa fiye da na dare, ga shi a lokacin ne za a ga tekun da aka biya kuɗin kallonsa. Ba dole ba ne kuma ya kasance mai taurari uku. Gida mai tauraro ɗaya yakan ba baƙo abin da ya zo nema a kan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin ko ƙasa da haka, kuma littafin yana da wani rukuni da ake kira Bib Gourmand, wanda aka fara a 1997, na gidajen da ke girki mai kyau a kan farashi matsakaici. A wannan rukuni na fi tura mutanenmu, saboda farantin yana da auki, kuma ba a takura wa mutum da yawan bayani a kan kowace loma.

Nice da maƙwabtanta

Nice ta shiga Faransa ne a 1860, kafin nan da ɓangaren Italiya take haɗe, shi ya sa girkinta ya fi kama da na Italiya. Turawan Ingila masu gudun sanyin ƙasarsu ne suka fara mai da ita wurin hutu, su ne kuma suka sa aka fara shimfiɗa titin bakin tekun da ake kira Promenade des Anglais a shekarun 1820, wanda yau ya kai kusan kilomita 7. A kan wannan titi manyan otal-otal suke, ciki har da Negresco da aka buɗe a 1913. Abin da hoto ba ya nunawa shi ne tsakanin waɗannan otal-otal da ruwa akwai babbar hanyar mota mai layi da yawa, wadda ba ta yin shiru sai dare ya raba. Wanda ya kama ɗaki a hawa na farko saboda kallon teku, ƙarar mota da babur zai kwana ji. Bakin tekun Nice kuma tsakuwa ce manya-manya ba yashi ba, sai da takalmin roba ake jin daɗin shiga ruwan. Mai son yashi sai ya nufi Cannes ko Juan-les-Pins.

Idan za ka kama ɗaki, kada ka tsaya a hotunan shafin intanet. Ka rubuta wa otal ɗin kai tsaye ka tambayi hawa na nawa ne, murabba'in mita nawa ne, akwai baranda ko taga ce kawai, kuma kallon tekun na gaba da gaba ne ko na gefe. Wannan na ƙarshe shi ne inda aka fi yi wa baƙi wayo. Na taɓa raka wasu ma'aurata duba ɗakin da aka sayar musu a matsayin mai kallon teku, muka tarar sai mutum ya fita baranda, ya dafa ƙarfen, ya leƙa hagu, sannan ya hango wani siririn shuɗi tsakanin gine-gine biyu. A takardar an rubuta vue mer latérale, wato kallon gefe, don haka ba su da hujjar ƙorafi. Ka tambayi kuma ko karin kumallo na cikin kuɗin, domin sau da yawa daban ake biyansa, sannan akwai ɗan harajin baƙi da ake karɓa a kan kowane mutum kowane dare. Tsohon gari yana da daɗin yawo, amma gidajensa da yawa ba su da na'urar hawa bene, kuma hayaniyar mashaya takan kai tsakar dare. Ku tafi da buta, domin banɗakin Faransa ba shi da ruwan tsarki.

Ga ma'aurata masu son natsuwa, na fi son Villefranche-sur-Mer ko Beaulieu ko Menton a kan tsakiyar Nice. Ƙananan garuruwa ne da ruwa ke kusa da ƙofa, kuma jirgin ƙasa yana bin gaɓar daga Cannes har ya tsallaka zuwa Ventimiglia ta Italiya, yana tsayawa a kowannensu. Daga Nice zuwa Monako bai kai rabin awa ba. Hayar mota a wannan yanki wahala ce, saboda cunkoso da tsadar wurin ajiya. Otal-otal ɗin da ke kan ruwa sosai, masu lambu da gidan abinci na gani na faɗa, irin su Hôtel du Cap-Eden-Roc a Antibes da Grand-Hôtel du Cap-Ferrat, su ne ƙalilan ɗin da na ambata a farko, kuma mai halinsu bai buƙatar shawarata ta raba lissafi.

Da safe ku je kasuwar Cours Saleya a tsohon gari, ban da ranar Litinin da ake kasa kayan tarihi maimakon kayan lambu. A nan ne za ku ga socca, wadda ake yi da garin wani farin wake mai kama da gujjiya, a kwaɓa shi da ruwa da man zaitun da gishiri, a zuba a wani faffaɗan faranti na tagulla, a gasa a murhun itace har samansa ya yi baƙi-baƙi. Mai sayarwa yana kankaro ta da wuƙa mai faɗi, ya zuba a takarda, ya barbaɗa masoro, a ci da hannu tun da zafinta, domin da ta huce ta tashi daga aiki. Kuɗinta 'yan yuro kaɗan ne, kuma babu abin tambaya a cikinta. Haka ma pissaladière, wadda burodi ne da aka shimfiɗa wa albasar da ta dahu har ta yi zaƙi, da ƙananan kifi masu gishiri da 'ya'yan zaitun. Salak ɗin Nice da pan bagnat, wanda shi ne salak ɗin a cikin burodi, su ma tumatir ne da ƙwai da kifi da zaitun. Mutum zai iya yin kwanaki a kan waɗannan bai gaji ba.

Idan kuna da ƙarfin tafiya, ku ware yini ɗaya don Marseille, wajen awa biyu da rabi a jirgin ƙasa, saboda bouillabaisse. Asalinta romon masunta ne da suke yi da kifin duwatsu masu ƙaya waɗanda ba su sayu ba, amma yau ta zama abincin alfarma. Da aka fara lalata ta don yaudarar baƙi, wasu masu gidajen abinci na birnin suka rattaba hannu kan wata yarjejeniya a 1980 da ta fayyace irin kifin da ya kamata a sa, musamman wanda ake kira rascasse, da yadda za a gabatar da ita. A gidan da ke bin ƙa'ida, ana fara kawo romon ne shi kaɗai, ja-ja saboda za'afaran da tumatir, tare da gasasshen burodi da za ka goga wa tafarnuwa ka shafa wa wani kwaɓi mai ɗan yaji da ake kira rouille. Bayan haka sai a kawo kifin ɗungurungum a babban faranti, a nuna muku, a cire ƙayar a gabanku. Ta gaskiya takan kama daga wajen yuro 60 zuwa sama ga mutum ɗaya, kuma wasu gidajen sai an sanar da su tun jiya. Duk wadda ka gani a allo a bakin tashar jiragen ruwa a kan rabin wannan kuɗi, miyar kifi ce kawai. Ka tambaya kafin ka yi oda, domin wasu kuku suna zuba farar giyar inabi ko wata giya da ake kira pastis a romon, wasu kuma ba sa sawa.

Alade, giya da abin da ba a rubutawa

Wannan ya kawo mu ga sashe na biyu na tambayarka. Ni ba malamin fiƙihu ba ne, kuma batun yankan Ahlul Kitabi da malamai suka yi saɓani a kansa sai ka kai wa malaminka. Abin da na sani shi ne abin da ke faruwa a kicin. Sauƙin da muke da shi shi ne a mazhabar Malikiyya dabbobin teku duka halal ne, kifi da jatan lande da ƙaguwa da masu ɓawo, don haka wanda ya ajiye nama gefe ya tsaya a kan kifi da kayan lambu ya kauce wa yawancin matsalar, kuma bai yi asarar komai ba, tunda kifin ne abin da yankin ya fi iyawa.

Naman alade da ake gani ba shi ne abin tsoro ba, wanda aka ɓoye shi ne. A Nice akwai petits farcis, tumatir da yalo da albasa da aka cusa wa niƙaƙƙen nama, wanda sau da yawa akwai alade a ciki. Taliyar carbonara da alade ake yin ta. Wasu kukun sukan naɗe kifi da siririn naman alade ko su sa gutsattsarinsa a miyar wake don ƙamshi, ba tare da an rubuta ba. Giya ta fi wannan yaɗuwa: daube ta Nice naman shanu ne da aka dafa a jar giyar inabi, kuma da ragowarta ake cusa ravioli na garin. Shinkafar risotto da farar giya ake fara ta, haka ma yawancin dafuwar masu ɓawo da miyar da ake zuba wa kifi. A kayan zaƙi akwai baba au rhum da wasu nau'o'in tiramisu, ga kuma sinadarin gelatin da akan samo daga alade. Za a ce maka giyar ta ƙone a wuta, amma dafuwa ba ta kore ta gaba ɗaya.

Abin mamaki shi ne gidaje masu tsada sun fi sauƙin sha'ani a wannan fanni. Suna dafa komai da hannunsu, sun san abin da ke cikin kowace miya, kuma sun saba da baƙi daga ƙasashen Larabawa. Lokacin kama tebur ka rubuta musu cewa ba kwa cin nama, ba kwa son alade ko gelatin, kuma ba kwa son giya ko da a cikin girki ne, wato sans porc, sans alcool, même dans la cuisson. Idan aka sanar da su da kwanaki, sukan sauya farantan da abin ya shafa, kuma da yawansu suna da jerin abin sha marar giya da suke haɗawa daga 'ya'yan itatuwa da ganyaye. Ka ƙara da cewa ko kuna cin ɗanyen kifi ko ba kwa ci, domin yana yawan zuwa a farantan farko, kuma na ga mutanenmu da dama sun mayar da shi. A ƙananan gidaje kuwa abu mafi aminci shi ne gasasshen kifi da man zaitun da lemon tsami, miya a gefe. Ranar da kwaɗayin nama ya taso, a Nice da Marseille akwai gidajen abinci na halal na 'yan Arewacin Afirka, musamman a unguwar Noailles ta Marseille.

Ka kula da lokaci, domin kicin ɗin Faransa yana aiki ne daga 12 zuwa 2 na rana, sannan ya rufe sai wajen 7 da rabi na yamma, kuma gidaje da yawa ba sa buɗewa Lahadi ko Litinin. Kuɗin hidima yana cikin farashin da aka rubuta, tukwici ganin dama ne, kuma ruwan famfo a tulu kyauta ne idan ka nema. Kifi babba kuwa ana sayar da shi da awo ne, a Faransa da Italiya da Turkiyya duka, kuma farashin da ke rubuce sau da yawa na giram 100 ne. Ka sa a auna a faɗa maka jimillar kafin a ɗora a wuta. Yaji za ku iya tafiya da shi, ko da yake ba a gidan mai tauraro za a fito da shi ba, amma kilishi da dambun nama ku bar su a gida, domin Tarayyar Turai ta hana matafiya shigo da nama da kayan madara daga waje.

Antalya

Abokanka da suka ce Antalya ta fi sauƙi ba su yi ƙarya ba. A Lara da Belek da Side da Alanya akwai manyan otal-otal da ke kan yashi kai tsaye, ɗakunansu sun fi na Faransa girma a kan kuɗi ɗaya, ana jin kiran salla a gari, naman da ake dafawa na halal ne in ban da inda aka rubuta akasin haka, kuma banɗakin yana da ruwan tsarki. Sai dai tsarin da kuɗin ɗaki ya haɗa da komai yana da nasa lissafin. Otal ya riga ya karɓi kuɗi ƙayyadadde, yana ciyar da ɗaruruwan mutane ko fiye sau uku a rana, don haka ribarsa tana cikin sayen kaya da yawa a kan araha. Abin da za ku tarar shi ne dogayen tebura cike da abinci kala-kala, mai tsafta, mai ƙosarwa, amma kifin na kiwo ne ko na ƙanƙara, kuma zuwa kwana na huɗu komai ya fara zama ɗanɗano ɗaya. Ga shi Belek tana da nisan kilomita 30 ko fiye daga tsakiyar birni, kuma wanda ya riga ya biya kuɗin abincin dare da wuya ya ɗauki tasi ya je ya sake biya a wani wuri.

Girkin Turkiyya na gaske yana nan a gari, kuma ba ya jin kunya a gaban na kowa. A tsohuwar unguwar Kaleiçi da kewayenta, kusa da ƙofar da aka gina don sarkin Rum Hadrian a shekara ta 130, za ka samu piyaz na Antalya, wanda wake ne da miyar niƙaƙƙen riɗi, da gasasshen nama irin na Adana mai barkono, da ƙananan farantan meze da ake jerawa kafin kifi. Gidajen kifi da yawa suna sayar da giyar rakı, amma ba kasafai take shiga tukunya ba. Ka sani kuma ana hana manyan jiragen kamun kifi fita daga tsakiyar Afrilu zuwa Satumba, saboda haka kifin daji ya fi yawa da araha daga kaka zuwa hunturu. Littafin Michelin ya shiga Turkiyya ne a 2022 da Istanbul, daga baya ya ƙara Izmir da Bodrum, don haka mai neman tauraro a bakin tekun Turkiyya Bodrum ya kamata ya duba.

Inda Antalya ta yi wa Faransa fintinkau shi ne batun Hajiya. A yankin, musamman Alanya, akwai otal-otal da ba sa sayar da giya sam, suna da masallaci, da wurin ninƙaya na mata zalla wanda aka kewaye, ma'aikatansa mata, kuma akan karɓi waya a ƙofa don hana ɗaukar hoto. A Faransa mayafi da hijabi ba laifi ba ne a titi ko otal ko gidan abinci, amma doka ta hana rufe fuska a bainar jama'a tun Afrilun 2011. Rigar ninƙaya mai rufe jiki kuma ta jawo rigima a wannan gaɓar a 2016, lokacin da wasu garuruwa suka hana ta, har babbar kotun gudanarwa ta ƙasar ta dakatar da hanin garin Villeneuve-Loubet. A bakin teku ana iya sa ta, amma kowane otal yana da dokar wurin ninƙayarsa, kuma mata da maza a haɗe suke. Idan Hajiya tana sa niƙabi, ko kuma shiga ruwa cikin sirri na daga cikin abin da take ɗoki, to maganar Faransa ta ƙare, ku tafi Alanya, ku riƙa fita gari cin abincin dare ko da sau biyu ne ko uku.

Lokaci, biza da abin da zan zaɓa

Yuli da Agusta ku guje su a duka wuraren biyu. A Faransa lokacin ne kowa ke hutu, farashi ya kai ƙololuwa, a Antalya kuma zafi yakan haura digiri 35 tare da gumi mai nauyi. Watan Mayu yana da daɗi, amma bikin fina-finai na Cannes yakan cinye ɗakunan yankin, haka ma tseren motoci na Monako a makon da ake yinsa, ko da yake daga 2026 shi ya koma farkon Yuni. Yuni da tsakiyar Satumba zuwa farkon Oktoba su ne zaɓina, kuma na fi karkata ga Satumba, saboda teku ya riga ya ɗumama, jama'a sun ragu, kayan lambu kuma suna kan ganiyarsu. A Antalya ruwan yana da ɗumi har cikin Oktoba. Bizar Schengen, wato ta shiga Faransa da yawancin ƙasashen Turai, wadda kuɗinta ya koma yuro 90 tun Yunin 2024, tana buƙatar inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000, ana neman ta a ofishin ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta, kuma da ita za ku shiga Monako da Italiya. Kai ka saba da hanyar, amma idan wannan ce fitar Hajiya ta farko, ku fara neman tata da wuri, kuma kada ka biya kuɗin otal da ba a mayarwa kafin bizar ta fito. Turkiyya bizarta daban ce. Farashi da ƙa'idoji suna sauyawa, don haka ka tabbatar da su a lokacin tafiya.

Tunda abinci ne ka sa a gaba a tambayarka, kuma idan batun sutura bai hana ba, zan kama muku ɗaki mai baranda a hawa na sama a wani otal mai tauraro 4 a Villefranche ko Menton, da karin kumallo kawai. Kuɗin da ya ragu daga na babban otal sai ya tafi ga abincin rana ɗaya a gida mai tauraro, yini ɗaya a Marseille, sauran kwanakin kuma a kasuwa da ƙananan gidajen kifi. Teburin gidan mai tauraro shi za ka fara kamawa, domin shi ne ya fi wuyar samu, sannan ka tsara ranakun otal da tikitin jirgi a kansa.